Hannun da Ba a Ɗaure Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a Zuba ya san garin ba ya barci. Tun kafin asalatu manyan motoci ke sauke lemo daga Binuwai, ayaba da abarba daga kudu, kankana daga arewa, 'yan dako na kai da kawo da kwanduna a ka. A wannan kasuwa ta kayan marmari na san wani dattijo mai sayar da lemo, wanda in ya miƙo maka canji sai idonka ya tsaya a hannunsa na dama. Ya fi na hagu kauri, gaɓoɓin yatsun sun yi kanta, ga sawun tsaga jere tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu. Na daɗe ina ganin hannun nan ban tambaya ba. Ranar da na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, wannan hannu kam ya ga duniya," sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ai ɗan aike ne. Ga maigidan nan." Ya ɗaga na hagun, siriri, ba tabo ko ɗaya.

Tsohon ɗan dambe ne. Maganar tasa kuwa sai da na yi ta zuwa kallo kafin na gane ta.

Daga Zuba zuwa Dei-Dei ba wata tafiya ba ce. Ka hau motar Kubwa, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an iso. Mutanen cikin Abuja sun san Dei-Dei da kasuwar kayan gini da katako, sai kuma karar dabbobi da mayanka. Masu sha'awar dambe kuwa da gidan damben Ali Zuma suka san ta, wanda shi kansa ya yi zamaninsa a fili kafin ya zama mai gida. Sashen Hausa na BBC ya sha kawo sakamakon damben safiyar Lahadi daga can, har mutumin Maraɗi ko na Kumasi da bai taɓa taka Abuja ba ya san sunan unguwar. A ɗaya gefen birnin, ta wajen Maraba a jihar Nasarawa, akwai gidan Idris Bambarewa. Ka ga ke nan an sa babban birnin tarayya a tsakiya, kalangu ta yamma, kalangu ta gabas.

Ba abin mamaki ba ne a ga gidan dambe kusa da mayanka. Tun asali wasan na mahauta ne. Rundawa ke yawo gari gari bayan an kawar da amfanin gona, suna yanka, suna sayar da nama, da yamma kuma samarinsu su fito dandali su gwada ƙashi da samarin gari. Kalangun da ake kaɗa wa Sarkin Fawa shi ne ake kaɗa wa ɗan dambe. Yau manomi na yi, ɗan acaɓa na yi, ɗan dako na yi, amma ƙamshin fawa bai bar wasan ba.

Su ma Hausawan ba jiya suka zo wannan yanki ba. A farkon ƙarni na 19, da jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau kudu ya yiwo da jama'arsa, kuma a Zuba ya sauka, cikin Koro. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja, can bayan Dutsen Zuma. Da gwamnatin Murtala ta zartar a 1976 cewa a wannan yanki za a gina sabon babban birni, aka kuma tare a ranar 12 ga Disamba 1991, sai wani sabon ayari ya kwararo: leburori, magina, direbobi, mahauta, masu tura baro. Cikin gari ya fi ƙarfin aljihunsu, sai suka zauna a gefe, a su Zuba da Madalla da Dei-Dei da Gwagwa. Kowa ya zo da abin da ba ya iya rabuwa da shi. Wasu suka zo da zare a ƙasan jaka.

Zaren nan shi baƙo ke fara gani. Ɗaurinsa aikin mutum biyu ne. Ɗan damben zai dunƙule hannunsa mai ƙarfi, a lulluɓe shi da ƙyalle, sa'annan a bi da igiya ana naɗawa ana ja, zagaye bisa zagaye, har dunƙulen ya koma kamar kan taɓarya. In aka matse fiye da kima, jini ya tsaya, hannu ya yi sanyi tun ba a je ko'ina ba. In aka sassauta, zaren ya warware a tsakiyar fili, ko yatsa ya goce ya karye. Shi ya sa ba kowa ɗan dambe ke miƙa wa hannunsa ba. Daga nan ne kuma aka sami maganar da 'yan kallo ke yi, wai wane da wane sun sa zare, ma'ana sun kara. Wannan hannu shi ake kira mashi. Ɗayan da aka bari a buɗe, shi ne garkuwa.

Dokar wasan gajeriya ce, yaro ma zai haddace ta a zama ɗaya. Turmi uku ake yi. Ana dukan da hannun da aka ɗaure, ana kuma duka da ƙafa. Ba sai an sumar da mutum ba: da zarar duka ya sa hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi. Kisa ake cewa, ko da mutum ya miƙe nan take yana kaɗe ƙura yana dariya. In aka cika turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a raba su, a ce babu kisa. Ba lissafin maki irin na damben Turawa, inda alƙalai ke zaune da takarda suna ƙirga naushi. A nan duka ɗari da bai kai mutum ƙasa ba, sunansa gaisuwa.

Wannan doka ita ta haifi duk gwanintar. Mai harsashi ɗaya ba ya harbin iska. Dukan dambe daga nesa yake tasowa: hannun yana can baya, wajen ƙugu ko bayan kafaɗa, ya zagayo ta sama kamar mai sara da gatari, duk nauyin jiki na biye da shi. In ya samu, ya gama magana. In ya kuskure, mai shi ya tafi gaba da ƙarfin kansa, ya bar ƙeya da haƙarƙari a buɗe, ya kuma ɗauki lokaci kafin ya dawo da hannun mazauninsa. Cikin wannan ɗan lokacin ake kashe mafi yawan waɗanda ake kashewa. Saboda haka tambayar da ke gaban ɗan dambe ba ta ƙarfi ba ce, kowa a filin nan yana da ƙarfi. Tambayar ita ce yaushe, kuma daga ina. Garkuwa ke ba da amsa.

Dubi tsayuwarsu. Ƙafafu a ware, gwiwa a ɗan lanƙwashe, jiki a karkace don abokin karawa ya ga gefe ɗaya kawai, hannun hagu a miƙe tantan, tafi a buɗe, yatsu a baje. Wanda bai sani ba zai ce sun tsaya suna kallon juna, har ya fara ƙorafin kuɗin ƙofarsa. Alhali aikin ya yi nisa. Wannan hannu da ke shawagi a gaba ma'auni ne. In yatsunka suka taɓa goshin abokin karawa ko kafaɗarsa, ka san mashinka zai isa in ka ƙara taku ɗaya. In ba su taɓa ba, kada ka ɓata ƙarfinka. Kamar sandar makaho ne, ita ke gaya masa inda rami yake tun ƙafa ba ta je ba.

Dattijon nan na kasuwa ya taɓa nuna mini a aikace, a bayan tulin lemonsa. Ya ce in kawo masa duka yadda na ga dama. Na ce, "Haba Baba, ni da kai?" Ya ce, "Kawo dai." Ya ɗora tafinsa a goshina, shi ke nan. Na yunƙura, sai na ji kaina ya ɗan koma baya, hannuna ya wuce ta gaban hancinsa. Na sake, ya ɗan murɗa tafin gefe, sai ga ni ina kallon kwandon maƙwabcinsa. Mutumin da a shekaru ya haife ni, ko gumi bai yi ba. Ya ce, "Inda kai ya nufa, nan jiki ke bi. Wanda ya riƙe maka kai ya riƙe maka ƙafa."

Ayyukan garkuwa sun fi a ƙirga da yatsunta. Tana tare ido: a baje tafi a fuskar mutum, mashin ya taso daga inda ba ya gani. Tana danne garkuwar abokin karawa ƙasa don a buɗe hanya zuwa haɓa. Tana tura kafaɗar da za ta kawo duka, dukan ya mutu tun a gida. Tana kama wuya na ƙiftawar ido, daidai lokacin da mashin ke isowa. Abin da ya fi ba ni sha'awa kuwa shi ne tana ji. In tafi biyu suka haɗu suna dannar juna, gwani na karanta abokinsa ta fata: ya ji lokacin da nauyinsa ya koma ƙafar baya, alamar zai saki hannu, ya ji lokacin da damtse ya fara rawa, alamar gajiya ta shigo. Kafin ido ya gani, tafi ya riga ya sani. Ba na jin akwai makarantar da za ta koyar da wannan da alli da allo. Sai mutum ya sha duka iya sha, fatarsa ta koyi abin da kunnensa ya ƙi ji.

Ƙafa ma tana da nata rabon, kuma 'yan kallo na yawan mantawa da ita sai ta yi aiki. Akwai mai harbin cinya a turmin farko, ba don ya kayar ba, don dai ƙafar ta yi nauyi a turmi na uku. Akwai mai share ƙafar gaba daidai lokacin da abokinsa ya ɗora mata nauyi. Akwai kuma mai ɗaga ta har kunne, wanda in ya samu fili kan rikice da ihu, in ya kuskure kuwa ya tsaya a ƙafa ɗaya gaban mai mashi, Allah ya kiyaye. Filin yashi ne ko turɓaya, ba takalmi, don haka yatsun ƙafa su ke riƙe ƙasa. Ka lura da manyan 'yan wasa, ba sa ɗaga ƙafa su taka, jan ta suke yi.

Sai bahago, wanda ke ɗaure hagu. Ba banza sunan ya cika gidajen dambe ba, Bahagon wane, Bahagon wane. In na dama biyu suka haɗu, mashin kowa ta ɓangaren garkuwar ɗan'uwansa yake zuwa, akwai mai gadi a ƙofar. In bahago ne a gabanka, dukansa ta ɓangaren da ba ka da garkuwa yake shigowa, ƙafarka ta gaba kuma tana karo da tasa. Gaskiya ne shi ma haka ƙofarsa take a buɗe gare ka, amma shi kullum da irinka yake karawa, kai kuwa sai jefi-jefi kake haɗuwa da irinsa. Ya saba da baƙuntarka, kai ba ka saba da tasa ba.

Duk wannan ana yin sa ne cikin kiɗa. Kowane ɗan dambe da ya amsa sunansa yana da takensa, kuma da makaɗa sun ɗauko shi za ka ga mutum ya miƙe daga inda yake zaune, jiki na tsuma, ya shigo fili ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya faɗi garinsu da ubangidansa da mazajen da ya kayar. Layu da guraye da kambu na nan a ɗaure, tsagar magani na nan a damtse; kowa da abin da ya yarda da shi, malamai kuma sun daɗe suna faɗa a kan haka. Ni dai abin da na lura da shi, masu yawan layu ma suna tashi da asuba su yi gudu. Zancen kiɗan dambe kuwa ba ya cika sai an ambaci Ɗan Anace, wanda waƙarsa ta sa sunan Shago ya zarce zamaninsa, har karawarsa da Ɗandunawa ta zama labarin da jikokin waɗanda suka gani ke bayarwa kamar a gabansu aka yi.

A nan ne nake ganin tarihin gidan dambe yake, a cikin sunaye. Ba kabad na kofuna, ba hotuna jere a bango. Amma in ka ji an ce Shagon wane, an gaya maka wanda ya raine shi, ya ɗaura masa zaren farko. In ka ji Autan wane, an gaya maka shi ne na ƙarshe a hannun maigidan. Garkuwan wane, Dogon wane, Bahagon wane, har ka ji Shagon Bahagon wane, suna ɗaya ɗauke da zuriya uku. Yaro ya shiga fili da sunan ubangidansa a ka. In ya yi kisa, ubangidan ake taya murna, in aka kashe shi, ubangidan ne zai kwana da abin. Bisa wannan kuma akwai manyan ɓangarori uku: Kudu, da Arewa da ake kira Jamus, da Guramada. Kudun nan ba ta Ikko ko Fatakwal ba ce, rabo ne na cikin gida. Galibi ɗan wani ɓangare da ɗan wani ake haɗawa, shi ya sa in Ebola na Kudu ya fito, ko Ali Ƙanin Bello na Arewa, ko Garkuwan Cindo na Guramada, ba mutum ɗaya ke tsaye a fili ba, jama'a guda ce. Ɗan dakon da ya bar ƙauyensu shekara biyar, yana kwana a rumfar kasuwar Zuba, ranar Lahadi yana da dangi a Dei-Dei, yana da gefen da zai zauna, yana da wanda zai yi wa liƙi da kuɗin da ya sauke kwando hamsin kafin ya samu.

Akwai wata ƙasa da ta riƙe wasanninta na gado ta wata hanya dabam, kuma nakan tuna da ita. A Ayalan, ranar 1 ga Nuwamba 1884, wasu mutane suka taru a garin Thurles suka kafa ƙungiyar GAA don kada wasannin Ingila su haɗiye nasu: ƙwallonsu da ake bugawa da hannu da ƙafa, da kuma hurling, wanda ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda mai faɗin baki. Suka kafa kulob kusan a kowace ƙaramar gunduma, yaro ya buga wa garin da aka haife shi, ba albashi. Har yau haka ne, ga shi kuma wasan ƙarshe na cika filin Croke Park mai ɗaukar mutum sama da 82,000, a 2018 kuma UNESCO ta sa hurling cikin kayan gadon ɗan Adam. Ƙaramin kulob a can zai iya buɗe littafi ya gaya maka wanda ya ci wasa shekara ɗari da ta wuce. Ba sai mun je nesa ba ma: Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa tun 1975 a Tawa, wadda yau ake kira gasar cin takobi, jihohi na karɓar baƙuncinta bi da bi, ƙasa duka na tsayawa ta saurara. Mu namu littafin yana bakin makaɗa da kawunan tsofaffi. Yana da daɗin ji fiye da takarda, sai dai duk tsohon da aka kai makwanci, da shafukansa yake tafiya.

Abubuwa dai sun motsa. Dambe na cikin wasannin gargajiya da ake yi a Gasar Wasanni ta Ƙasa. Ana sa gasar babur, ana sa ta mota, filin Ado Bayero Square a Kano na cika maƙil. Ana yi wa tsofaffin 'yan wasa da makaɗa ajo, a tara musu abin da ya sawwaƙa. Tashar Dambe Warriors da ta fara a YouTube a 2017 ta kai wasan idon mutanen da ba su san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, kamfanoni irin su African Warriors kuma suka shigo da awon nauyi da agogo da likita a bakin fili. Likitan kam ina maraba da shi hannu bibbiyu, domin na ga haƙora a cikin yashi, na kuma san tsofaffin 'yan damben da maganarsu ta yi nauyi tun ba su tsufa ba. Shaye-shayen da wasu ke fakewa da shi wai neman zuciya, shi ma ba abin yabo ba ne. Abin da nake tsoro kawai shi ne bidiyon minti ɗaya. Shi kisa yake nunawa, ya yanke minti biyar ɗin da aka yi ana auna juna, sai yaro mai tasowa ya ɗauka dambe shi ne rufe ido a yi ta wurgi da hannu.

Wata Lahadi na lallashi dattijon muka tafi tare. Aka haɗa wani dogo mai faɗin ƙirji da wani ɗan tsamurmuri da bai kai kafaɗarsa ba. Na ce, "Baba, wannan ai zalunci ne." Bai tanka ba. Turmin farko dogon ya kawo duka uku, duk suka sha iska, ƙaramin bai saki hannu ko sau ɗaya ba, sai dai tafinsa na taɓa gwiwar hannun dogon yana janyewa, yana taɓawa yana janyewa. 'Yan kallo suka fara yi masa tsiya, wai ya zo gaisuwa ne. A turmi na biyu dogon ya sake tasowa da dukkan ƙarfinsa, ƙaramin ya ɗan tura masa kafaɗa, ya sunkuya, mashinsa ya tashi sau ɗaya tak. Sai ƙura. Kalangu ya ɓarke, mutane suka ɓalle cikin fili, aka ɗaga yaron sama.

Na juya in ga fuskar dattijon, sai na tarar har ya miƙe yana gyara hularsa. Ya ce, "Tun a turmin farko ya kashe shi, bai dai gaya masa ba ne. Tashi mu tafi, ɗana, motar Gboko na hanya, kada yaran nan su sauke mini lemo a rana."